Jinyar Kyanwar Rumbu

A da, a Ƙanƙara, babu mai ciyar da kyanwa. Rumbu ne akushinta: ta kama ɓera ta ci, mu kuma dawarmu ta kai damina. Na ga kyanwoyin Jidda kwance a ƙofar shaguna kamar su ne masu kayan, na ga wani Bature a jirgin ƙasa yana lallashin tasa a cikin kwando, na yi dariya. Ban san a tsakar gidana za a yi wa kyanwa jinya ba.

Tamu fara ce mai baƙin kunne ɗaya. Ƙanwata ce ta kawo ta daga Faskari tana 'yar mitsitsiya, ta tsufa a hannunmu. Wata shekara bayan girbi ta daina hawa rumbu. Sai ta zo gindinsa ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallo, ta juya tana jan ƙafar baya. 'Yarmu da ke aure a birni ta aiko da gwangwanin garin maganin gaɓoɓi irin na kyanwoyi, a riƙa barbaɗa kaɗan a abinci. Maiɗakina Hajiya ta karɓi jinyar.

Kafin wata uku kyanwa ta zama kamar tulu. Dokin ƙofa ma sai ta yi shawara kafin ta tsallaka.

"Alhaji, maganin nan ne," in ji Hajiya. "Dube ta, kamar kabewa. Yau zan zubar da shi."

"Ki bari in tambayo tukuna."

Tsorona biyu ne: a daina maganin ƙafar ta ƙarasa mutuwa, a ci gaba ƙiba ta kwantar da ita. Na karanta jikin gwangwanin, da Turancinsa da Faransancinsa, ban ga inda aka ambaci ƙiba ba. Ranar kasuwa na kai wa malamin dabbobi da ke duba awakinmu. Ya jujjuya shi, ya ce, "Baba, da mi ake ba ta?"

Ban sani ba. Washegari da hantsi na shimfiɗa buzuna inda nake hango madafa.

Hajiya ta ɗebo curin man shanu, ta murza garin a ciki, ta bi da kindirmo rabin ƙoƙo, don a wajenta ba a shan magani ciki wayam. Ba a jima ba maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar garin Sabuwa, ta yi sallama da kan kifi a ganye. Ta durƙusa gaban kyanwa ta ce, "Ya jikin?" Dubiya ai ba a zuwa hannu rabbana. Man shanun kuwa ƙanwata ce ke aiko shi daga Faskari, wai na marar lafiya. Ni ma, in za a faɗi gaskiya, kullum bayan la'asar akwai yankan tsire a aljihuna.

Da na koma na faɗa wa malamin, sai da ya dafa bango don dariya. "Garin nan bai kai ya sa ta ƙiba haka ba, Baba. Jego kuka yi mata. Nauyin kuma shi ke ƙara danne gaɓoɓin."

Hajiya ba ta ji daɗin saƙon ba. "To in ga marar lafiya in ba shi gayan magani? Kai da gwiwarka ta kumbura, da mi na ba ka naka?"

Na dubi tumbina.

Ba a zubar da maganin ba. Aka samo ƙaramin ludayi, shi ne ma'aunin abincinta safe da yamma. Maƙwabciya ta ci gaba da zuwa dubiya, gaisuwa kawai, tana mita. A hankali kyanwar ta saɓe, har tana rako ni zaure. Rumbu dai ba ta sake hawa ba, wata ƙarama aka kawo ta gaje ta. Tun daga lokacin, a gidanmu kyanwa da ludayi take ci.