Kasko Biyu na Gyaɗa a Ƙofar Kanti

Shekarun baya, tun Turawa na ƙasar nan, an yi wata bazara mai tsawo da har yau ban manta da ita ba. Zafi ya kai ba a iya taka ƙasa da rana sai da takalmi, rijiyar unguwarmu a Darini ta ja baya har aka ƙara wa guga igiya. Amma ba shekarar yunwa ba ce. Gyaɗa ta yi kyau a daminar da ta wuce, duk wanda ka gamu da shi zancensa yadda zai faɗaɗa gonar gyaɗa in ruwa ya sauka. A shekarar ce kuma na gama ajin yaƙi da jahilci na mata, ina jin kaina kamar daga Batsari har Safana babu macen da ta kai ni wayewa.

Sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk mai wannan sana'a ta san ɓarar gyaɗa ce ke cinye yini, ta cinye yatsu. Da na ji an kawo injin ɓara a wani kanti a Batsari, sai na sayar da awakina na ba maigidana ya sayo min. Ya ɗoro shi a jaki, rabin unguwa na biye. Ƙarfe ne mai kama da rabin ganga, ƙasansa rariya, da mariƙi da ake turawa gaba a jawo baya. Abin da nake yini ina ɓarewa, kafin tukunya ta tafasa ya gama. Na ga dai wasu ƙwayoyin suna fitowa a fashe, ban damu ba, tunda gyaɗar ƙuli turmi za ta.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyata da muke kira Iya. Mijinta ya rasu, ba ta da kowa sai 'yar gonarta a bayan gari, da buhu guda na irin gyaɗa da ta ɓoye tun kaka. Na shiga gidanta na tarar tana ɓara da hannu, tana yi tana hutawa. Ni da bakina na ce ta kawo in ɓare mata a inji. Ta ce ita ba ta yarda da ƙarfen da ba maƙerin garinmu ya ƙera ba. Na yi ta lallashinta, har da cewa zamani ya canza, kamar ni na canza shi. Ta ba ni.

Sai da na gama buhun kaf, ina sheƙewa, na ɗebi ƙwayar na murza a tafin hannu. A ido lafiya lau take, amma da ka taɓa sai jar rigar ta saɓule, ƙwayar ta rabe biyu. Gyaɗar da ta rabe ba ta tsira, ko yaro ya sani. Na leƙa cikin injin da kyau, na ga ƙarfen da ke murzawa a karkace yake, gefe ɗaya yana dannewa jikin rariya. Iya ta zo, ta murza ita ma. Ta ɗauki sandarta ta koma gida. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Na ce wa maigidana a mayar da inji, a kuma nemo wa Iya iri. Ya sosa ƙeya. Mai kantin aminin marigayi mahaifinsa ne. In ya je gaishe shi tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ko ido ba ya iya haɗawa da shi, balle ya ce ya sayar masa da abu mai aibi. Ya ce mu haƙura, zai ba Iya daga namu. Namu kuwa ko gonarmu ba zai ishe ta ba. Na ce in ya yarda ni zan je. Ya dube ni, don ya san ko awaki ba na iya yi wa tsawa, sannan ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Ranar kasuwa na bi matan garinmu zuwa Batsari. Na durƙusa na gaishe da mai kanti, ya tambayi gida da yara ɗaya bayan ɗaya, har ya sa aka kawo min ruwa. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai fuskarsa ta canza. Ya ce daga Katsina aka kawo injin a rufe, shi bai ƙera ba. Ya ce gyaɗarmu ce ta bushe da yawa. Ya ce kuma aikin inji ba na mata ba ne, hannuna ne ya karkace. Daga ƙarshe ya ce, "Ɗiyata, abin da ya bar ƙofar kantin ga ba ya dawowa. Ki gaida maigidan."

Na yi godiya na tashi. Har godiya na yi, ku ji fa.

A hanya nake ta tunani. Ba ni da murya, ba ni da wanda zai tsaya min, kuma duk abin da na faɗa zai ce maganar mace ce. Sai na ce to bari gyaɗar ta yi magana da kanta. Da na isa gida na samo kasko biyu na cika da ƙasa. Na roƙi Iya ɗan ragowar da ta ɓare da hannunta, daga buhu ɗaya suka fito, na shuka a ɗaya. Wadda inji ya ɓare na shuka a ɗayan, ƙwaya daidai da ƙwaya. Na ɗauki gawayi na rubuta a jikin wannan "hannu", a jikin wancan "inji". Shi ne rubutu na farko da na yi ba malama a kaina, har harshe na fitar waje ina yi. Kullum safe da yamma ina ba su ruwa daga wanda muke sha. A kwanakin nan hadari ya fara haɗuwa ta gabas, yana watsewa. Duk wanda ya haɗu sai in tuna cewa in aka yi ruwan shuka Iya ba ta da abin sa wa ƙasa.

Kafin wata kasuwar ta zagayo, kaskon hannu ya cika da tsiro, kore shar. Na inji guda biyu suka leƙo, su ma a sanƙame.

Na ɗora inji a jakin maigidana, na jera kaskon biyu a faifai na ɗauka a kai. Na isa, na gaishe da mai kanti kamar yadda na saba, na sauke kaskon a inuwar ƙofarsa na zauna gefe. Ya dubi kasko, ya dubi rubutun, ya dube ni. A duk waɗanda ke zaune a wurin, ni da shi kaɗai muka iya karatun boko.

Mutane suka fara taruwa. Mai nama na kusa ya ce ko sabon maganin gargajiya na kawo, aka yi dariya. Akwai wani Bafulatani dattijo daga Runka da ya zo sayen irin wannan injin, ya tsuguna yana nuna gawayin da sandarsa.

"Mi aka rubuta a nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba ne zai karanta muku. Ni karatuna bai yi nisa ba."

Mai kanti ya gyara hula, ya ce ai kowa na iya shuka abin da ya ga dama a kasko. Na ce gaskiya ne, shi ya sa na taho da injin. Na ce a ɗebo mudu ɗaya daga irin da ya ajiye wa gonarsa a zuba a ciki, shi da kansa ya tura, in zai shuka abin da ya fito, ni na koma gida ba zan sake zuwa ba.

Dattijon nan ya fahimci inda aka dosa. Ya ce su dai a kara, kasuwar shanu, in ka sayi saniya aibin ɓoye ya bayyana, mayarwa ake yi, ko limami aka tambaya haka zai ce, bai san ko ƙarfe ya fi saniya daraja ba.

Mai kanti ya daɗe yana kallon tsiron nan. Sannan ya nuna da yatsa ya ce, "Wanga hannu. Wanga inji." Ya sa aka shigar da injin ciki, ya ce zai mayar Katsina a canzo. Na ce na gode, amma ba inji ya fi damuna ba, irin tsohuwa ne. Ya ce ashe ban gama ba. Na ce saura kaɗan, Baba. Ya tura gidansa aka ɗauko buhun iri daga rumbunsa, da ɓawonsa, aka ɗora min a jaki. Da zan tafi ya ce in gaya wa maigidana ya auri alƙali bai sani ba.

An canzo injin daga baya, na yi shekaru ina aiki da shi, amma ban sake zuba irin kowa a ciki ba. Har yau in na tuna, ba nasarar ce ke fara zuwar min ba, kunyar Iya ce, lokacin da ta murza gyaɗar nan ta juya. Na dai gane mai saye yana da haƙƙi ko da mai sayarwa ubansa ne, kuma ana iya karɓarsa a durƙushe, ba sai an ɗaga murya ba.

Washegari da sassafe na ja buhun zuwa gidan Iya, na shimfiɗa tabarma, na ɗauko ƙwarya biyu. Ta kwance bakin buhun, ta ɓare ƙwaya ɗaya, ta murza, ta ga ba ta rabe ba. Ta zauna kusa da ni ta ce, "To 'yar zamani, sa hannu. Hadarin can ba jiranmu zai yi ba."