Wuƙar Goron Baba da Tsatsar Wakrah

Shekarun da na yi ina gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay, can ƙasar waje inda na je ci-rani, ba lokacin da nake so kamar bayan azahar. Zafi ya kori kowa, teku ya yi lamo a bayan gilashi, ni kuma hankalina ya sulale ya koma maƙerar mahaifina a Gusau.

Baba maƙeri ne, amma ba na garma ba, wuƙaƙe yake yi wa ado. Sai ya shafe ƙarfe da kakin zuma, ya yi zane da tsinin allura, ya ɗiga ruwan batir, ruwan ya ci inda allura ta bi. Da ya rasu, 'yar wuƙar da yake yanka goro ce rabona, na taho da ita a akwati. To, iskar Wakrah, inda muke kwana, gishiri ce zalla. Tsatsa ta hau zanen. In na kankare, zanen nake shafewa, in na bari ta cinye. Abin ya tsaya mini a rai, don ko hoton Baba ba mu da shi, bai taɓa yarda an ɗauke shi ba.

Wata rana aka rataye zane-zane baƙi da fari a falon benen. Na ji wata malama 'yar Sudan tana gaya wa baƙi cewa sana'ar daga maƙeran sulke na Turai ta samo asali. Da kaki da ruwa mai cin ƙarfe suke ado, har aka gano za a iya cusa tawada a ramukan, a danna takarda mai laima, zanen ya hau kanta. Ni da aka ajiye in hana yara taɓa bango, sai ga ni na saki baki, ina jin ƙamshin kaki a hancina.

Ran Juma'a da hantsi na ɗauko baƙin man takalmin aikina, na cusa a wuƙar, na share samanta. Na jiƙa takarda, na ɗora, na yi ta murzawa da bayan cokali. Abokin ɗakina, wani direba Bazazzagi, yana ta tsiya, wai ko wuƙar ma kafil, maigidan da ya ɗauke mu aiki, ya ce ta riƙa ƙyalli.

Na ɗaga takardar a hankali. Ganyayyakin da Baba ya zana suka fito, a juye, sun fi yadda nake ganinsu a ƙarfen. Kusa da ƙota kuma akwai wasu siraran layuka a nannaɗe, waɗanda ban taɓa lura da su ba.

Direban ya leƙo, dariyar ta ɗauke.

"Yaya," ya ce, "wannan ai yatsan mutum ne."

Nan Baba yake dafawa in yana zane. Kakin ya yi sirara a wurin, ruwan ya ci shatin babban yatsansa. Na daɗe ina kallo, kewarsa ta cika mini ƙirji. Sannan na ɗora nawa a kai. Har yanzu nasa ya fi faɗi.