Ƙafar Hagun Sudinna

Sudinna ya tashi a bakin kogin Witasta, a gidan da kowane namiji maharbi ne. Bakansu na gora ya kai tsayin mutum. Sai an kafa gindinsa a ƙasa, an danne da ƙafar hagu, sannan a ja. Tun yana yaro wannan ƙafar ce abin taƙamarsa.

Ranar da mayaƙan Girka suka ƙetaro kogin, ruwa aka kwana ana yi. Sudinna ya kafa baka, gindin ya zame cikin laka. Ya sake kafawa, ya sake zamewa.

"Yaya, harba mana!" in ji ƙaninsa Bhadda.

"In harba da me, sakarai? Ƙasar ta ƙi riƙewa!"

Gaba tsinin mashi, baya giwayen yaƙin rundunar su Sudinna da rauni ya haukata, babu ta inda za a ɓulle. Wata giwa ta bi ta kan Bhadda, ta murƙushe wa Sudinna ƙafar hagu.

Sudinna ya rayu har furfura yana sassaƙa wa mutane baka daga zaune, ko ɗaya ba ya iya kafawa. Da damina ta sauka sai ya tofa wa ƙasa yawu, ya ja jiki ya shige ɗaki. Ba ya fitowa sai ta bushe.