Mai Faci a Jirgin Taurari

Shekara talatin gwaggona tana faci a rumfarta ta bakin titi. Ran Asabar takan rufe keken ɗinki ta zo falonmu, inda muke tattauna littafin da muka karanta.

Na wannan makon labarin wani jirgi ne da ya shekara ɗari uku yana tafiya tsakanin taurari. Muna ta gardama kan matuƙinsa, ita tana juya shafi.

Can ta ce, "Ba kasuwa, ba gonar auduga. To wa ke musu faci?"

Muka yi dariya, ban da ita.

"Ai ba tsirara suka sauka ba," in ji ta. "Akwai irina a jirgin nan. Marubucin ne bai leƙa rumfarta ba."