Mai Belin Rakiya

Har gobe ban manta da wata safiyar Litinin ba, ana gab da Babbar Sallah, lokacin ina saja mai kula da ɗakin tsare mata a wani caji ofis kusa da Asawase. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan kuna ganina da ciwon gwiwa, to ranar nan saura ƙiris in taka rawa a bayan kanta da kakin gwamnati a jikina.

Bari in fara da doka, don na lura rabinku ba ku san a kan me kuke kama mutane ba. A ƙasar nan ba a kai mace kotu don kawai an ce karuwa ce. Abin da aka rubuta laifi shi ne ta tsaya a bainar jama'a tana kiran maza tana nacewa, ko mutum ya buɗe gida don wannan sana'a, ko ya zauna yana ci daga abin da mace ta samo. Na farkon shi ne mai sauƙi: a fita samame, a cika mota, kotu ta yanka tara, kowa ya kama gabansa. Sauran biyun su ne manya, su ne kuma ke ba mu wuya, domin matan ba sa buɗe baki.

A samamen ƙarshen makon aka kawo Rakiya, 'yar wajen Maraɗi, mai shekara ashirin da 'yan kai. Na santa, ba zuwanta na farko ba ne. Kullum mutum ɗaya ke zuwa belinta, wani Sumaila mai gida a wani lungu na Oforikrom, mai son farin yadi da turare mai hawa kai. Beli kuwa, ga wanda bai sani ba, wani ne zai tsaya ya ce ya ɗauki alhakin kawo wadda aka kama duk ranar da aka neme ta, sai mu miƙa masa ita.

Da safen nan ina kai musu koko sai ta riƙe mini hannu ta tsakanin ƙarafa.

"Anti, don Allah kar ku ba shi ni."

"To ki faɗa wa Sufeto abin da yake miki mana."

"Ba ni iyawa. Ban san kowa ba garin ga sai shi."

Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Na san in babu hujja, kafin azahar Sumaila zai tafi da ita, mu da kanmu za mu buɗe masa ƙofa.

Na nufi ofishin Sufeto Owusu, shugaban masu bincikenmu. Ba'asante ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "nawa ne" ba, amma akwai shi da sauraro. Na ce masa, Masta, ka san yadda maigida yake a zongo? Fatake in sun kawo shanu daga arewa, gidan maigida suke sauka. Shi ke ba su ɗaki, shi ke nemo mai saye, shi ke ajiye musu kuɗinsu har ranar tafiya, in sun shiga rigima shi ke tsaya musu. To da wannan rigar Sumaila yake yawo, kowa na ganin mai saukar baƙi ne.

Sufeto ya buga biro a haƙori. Can sai ya ce a aika wa Sumaila cewa kamun Rakiya ya yi yawa, wannan karon ba za a ba shi ita ba sai ya zo da dattijo na gaske, ɗan sana'ar saukar baƙi. Wallahi nan take na hango inda ya dosa: so yake Sumaila ya tona kansa a gaban maigida na gaske.

Da hantsi sai ga Sumaila da Alhaji Garba, tsohon maigidan 'yan shanu wanda ya gaji aikin daga ubansa. Mako ne da shanu suka cika gari, amma ya bar kasuwa ya zo, domin a zongo in aka ce naka yana hannun hukuma, dattijo ba ya ƙin zuwa roƙo. An gaya masa baƙuwa ce aka kwashe bisa kuskure. Na fito da Rakiya ta tsaya a gefe kanta a ƙasa, ni kuma na zama tafinta.

Sufeto ya fara tambaya yana hamma, kai ka ce yana so ne a gama ya je cin fufu. Mene ne tsakaninsa da ita? A ina take kwana?

"Madam, gaya mishi ni ne maigidan shi," in ji Sumaila da Hausarsa ta zongo, wadda ba ta raba mace da namiji. "Baƙo na ne. A gida na yake kwana."

Na juya masa. Sufeto ya girgiza kai ya ce ɗan haya yana iya tattara kayansa ya gudu gobe, wannan ba tabbaci ba ne. Ya fara rufe biro.

Ai kuwa Sumaila ya kumbura. A gaban Alhaji Garba a kira shi mai ba da haya? Ya gyara hula ya dafa kantar ofis.

"Haya? Ni ba landilod ba ne! Yarinyan nan ba ya gudu kraa, ko kaɗan. Katin shaidan shi na hannu na. Kuɗin shi duka na hannu na, kowane safe yake kawo mini ajiya. Alhaji, ba haka muke yi ba?"

Ga hujjar da muke nema ta fito daga bakinsa. Na juya maganar cikin Twi, yaren Sufeto, kalma bayan kalma, ina danne muryata don kada murna ta tona ni. Sufeto bai ko ɗaga kai ba, sai dai na ga biron ya sake buɗewa. Amma kafin ya ce uffan, Alhaji Garba ya juyo gaba ɗaya ya kalli Sumaila.

"Haka muke yi. Baƙo ya kawo shanu, a sayar, a ajiye masa kuɗi. Wani goro ne, wani albasa. To Sumaila, ita me ta kawo?"

Har wani kofur da ke bayan kanta ya daina rubutu.

"Na ce me ta kawo ake sayarwa a gidanka?"

Sumaila ya waiga wajen ƙofa. Alhaji ya ja da baya daga kusa da shi, ya yi salati, sannan ya dubi Rakiya.

"Ɗiyata, 'yar ina ce ke?"

"Maraɗi, Baba."

"Ina da mutanen Maraɗi a gidana yanzu haka. Daga yau a wurin iyalina kika sauka. Faɗi abin da ke bakinki."

Sai yarinyar nan ta fashe da kuka, magana ta ɓalle. Yadda aka ce mata aikin sayar da waakye, wato shinkafa da wake, za ta yi, yadda aka karɓe katinta ranar da ta iso, da sauran mata da ke ɗakunan baya. Sufeto ya miƙe ya yi wa Sumaila gargaɗin da doka ta ce a yi wa wanda ake zargi, ya sa aka zagaya da shi bayan kanta. Mutumin da ya zo beli sai ga shi yana cire agogo da ɗamara. Na ce a raina, Ayishetu, riƙe kanki, kina cikin kaki!

Kafin la'asar mun samo izinin bincike daga kotu, mun shiga gidan. Abin da Rakiya ta faɗa, shi muka tarar. Ita kuwa da aka tambayi ɗan sandan da ya kamo ta ko ya ji tana kiran wani, ya ce tsaye kawai ya ganta, don haka babu abin tuhuma. Ta zama shaida. Alhaji Garba ma ya je kotu da babbar rigarsa, abin da dattawan zongo ba su cika yarda su yi ba. Bayan shari'a Rakiya ta bi mutanen garinsu ta koma gida.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, cika mota da mata ba gwaninta ba ce, kowane sabon kurtu zai iya. Mace ba ta yin shiru don tana son wanda ke cinta, sai don ba ta ga inda za ta kwana ba in ta yi magana. Ranar da ta ga wurin kwana, ba sai kun daka mata tsawa ba. Shi ya sa tun daga lokacin, in aka kawo mata daga samame, ba su nake ƙura wa ido ba. Kujerata nake ja in fuskanci ƙofa, in ga wanda zai fara shigowa da murmushi ya ce tasa ce.