Randar da Aka Buɗe Mini a Jojiya

Tafiyar nan ta ba ni wuya, har yau gwiwata ba ta dawo daidai ba. Ba don 'yata ba, babu abin da zai kai direban tifa irina ƙasar da ake kira Jojiya. Karatun likita ta je yi, ta gama, sai ta bugo waya wai ta samu miji a can, iyayen yaron suna son ganina. Na ce zan je, amma ba za a aurar mini da 'ya a inda uwarta ba ta gani ba.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Wulari a Maiduguri, ni da ƙanin matata, malamin makaranta, shi ke jin Turanci. Sai da rana ta fito sojoji suka buɗe hanyar Damaturu. Kowane shinge a sauko, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa. Garuruwan da na saba tsayawa cin tsire duk sun zama kango. Daga Kano muka hau jirgi, muka sauya wani a Santambul, inda kuɗin shayi kofi ɗaya zai ciyar da gidana yini guda. Na haƙura da shayin.

A babban birninsu 'yata ta tarbe mu. Ta rame, ta koyi saurin magana. Yaron dogo ne mai kunya, ban ga laifinsa ba. Ya ɗauke mu a mota zuwa ƙauyensu a gabas, hanya sumul, ba shinge ko ɗaya. Ni dai hannuna na kan katin shaida har muka isa.

Lokacin girbin inabi muka tarar. Mutanen nan inabi ne geronsu. Suna zuba shi a wani dogon kututture da aka fafe, su matse, su kwashe ruwan da ɓawon da 'ya'yan gaba ɗaya su juye a randa. Randar ta fi ni tsawo, an binne ta a ƙasa har wuya, an shafe cikinta da kakin zuma. In ya gama tafasa don kansa sai su rufe da dutse, su liƙe da yumɓu, su bar shi ya wuce sanyi. Wankin randar ma mutum ne ke sauka ciki da tsani. Burodinsu kuwa a jikin tanderu suke manna shi, kamar gurasa. Shi na fi ci.

Da rana aka shimfiɗa tebur, dangi suka cika gida. Uban yaron, tsoho mai hannun manomi, ya ja mu wani ɗaki, ya durƙusa ya fasa yumɓun wata randa. Giyar da ya ɗebo launin shayi ce. Matan suka fara hawaye. Ya cika ƙahon bijimi ya miƙo mini, ni kuma na karɓa da hannu biyu, don a wurinmu baƙo ba ya mayar da abin da aka tarbe shi da shi. Sai suka ɗau tafi. Nan ƙanin matata, da aka yi masa bayani da Turanci, ya raɗa mini cewa randar nan tun ranar da aka haifi yaron aka rufe ta, ba a buɗewa sai don aurensa. In na sha, na bayar da 'yata ke nan.

Ni ba na sha, cocinmu ma ba a sha. Ƙaho kuma ba shi da gindi balle in ajiye. Haka na tsaya riƙe da shi. Na ce wa 'yata ta fassara, kada ta rage komai.

"A wurinmu uba ba ya ba da 'ya. Yayana ne zai bayar, a ƙofar gidanmu, uwarta tana ji. Ku zo Maiduguri ku nema."

Tsohon ya tambaya ko ba can ne ake yaƙi ba.

"Can ne. A cikinsa muka raine ta."

'Yata ta juyo da Hausa, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, in wani abu ya same su a hanya fa?" Ban janye ba. Matar tsohon ta yi ta faɗa da yarensu. Shi ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓi ƙahon ya shanye da kansa. Ya ce in sun rufe randunan bana, shi da ɗansa za su zo.

'Yata ba ta yi mini magana sosai ba har muka taso. Mun shigo Maiduguri ana gab da rufe hanya. Abin da na gano shi ne, mutumin da zai binne abu shekara da shekaru yana jira, ya san nauyin magana. Ko zai zo, Allah ne ya sani.

Washegari da safe na je na sayo siminti, na kwaɓa, na fara toshe ramukan harsashi da ke bangon ɗakin baƙi.