Billen Jatau ya koma dama

A shekarun fari, lokacin da gero ya ƙi a gonakinmu na bayan Bici, tuwon dare ya koma kunun ganyen tafasa. Amma da an sallame isha'i sai mu kewaye murhun kakarmu, Iya Gambo. Sana'arta zanen ƙorai. Takan cusa wuƙarta a garwashi har ta yi ja, ta riƙa ƙona ado a bayan ƙwarya, bakinta kuma yana aiki.

"Ga ta nan, amma wannan ba ta gizo ba ce," in ji ta. "Ta kakan kakana ce, Jatau mai jakuna."

Wai a zamanin da ake yi wa Bature kallon aljani, wani ya sauka Kano, ya ga Jatau a kasuwa, ya sa tafinta ya ce yana so ya zana shi. Jatau ya ji kamar an ce za a zane shi, ya zubar da mangala ya ruga. Sai da aka kamo shi aka rantse masa babu bulala. A nan muke faɗuwa da dariya, har mu manta da ciki.

Baturen ya tafi ƙasarsu da zanen, ya karce shi a faifan tagulla, ya shafa tawada, ya danna takarda, sai fuskar Jatau ta haihu da yawa. Bayan shekaru wani falke Balarabe ya kawo guda. Kama dai ta Jatau ce, sai dai billen da ke kuncinsa na hagu ya koma dama. Jatau ya ce an juya masa kurwa, ya kwanta ya ƙi abinci.

Ni kuwa in ce, "Ya ƙi abinci, Iya?"

"Tuwo da man shanu, maigidana. Kai da ka sa hannu, ko da kurwarka tana Masar."

Matarsa ce ta cece shi. Ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta riƙe takardar a sama, ta ce ya leƙa. A cikin ruwan bille ya dawo hagu. Jatau ya tashi ya cinye malmala har da ta yara.

Da na yi aji huɗu na firamare sai kaina ya kumbura. Na ce mata a gaban ƙannena, "Iya, ƙarya ce, tagulla ba ta haihuwa." Ba ta yi faɗa ba. Ta mayar da wuƙa wuta, ba ta ƙara ba da wannan labarin ina wurin ba.

Sai da furfura ta cika min kai jikana ya kai ni gidan adana kayan tarihi a birni. Na ga irin hotunan nan a bayan gilashi, ma'aikacin ya yi bayanin tagulla da tawada, ya ce dama takan fito hagu. Na yi dariya har mutane suka waiwayo, sannan na nemi wuri na zauna na yi wa Iya addu'a.

A ƙarƙashin wani hoton an rubuta "mutumin ƙasar Hausa" kawai. Ban ce Jatau ne ba. Amma kowane ne, takarda ta riƙe fuskarsa ta yar da sunansa. Namu sunan a bakin tsohuwa ya tsira, yanzu kuwa a nawa yake. A mota na fara ba jikana labarin, tun daga mangala.